Wa Ke Cin Girkina?

Masu karatu, kafin ku fara yi min faɗa a ƙasan wannan rubutun, ku bari in kai aya. Na san akwai masu cewa na cika zargi. Wata ma ta rubuto min cewa irina ce Allah ke ba miji nagari ta tsaya tana lalube masa aljihu. Na gani, na gode. Amma ku gaya min tsakaninku da Allah: namijin da ya ce yana sonki, ya ce ƙamshin girkinki ne ya fara kama shi, sannan har yau ba ki taɓa ganin ya kai loma ɗaya bakinsa ba, ke me za ki kira wannan?

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, mu biyu ne a gida, ni da Mama, tun da Baba ya rasu Yayata kuma ta yi aure. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin haƙori, ni ce a teburin gaba, in ɗauki waya, in ce wa mutane su zauna likita na zuwa. Wuni nake ina jin likita yana yi wa masu kumburarren kunci wa'azi a kan zaƙi, in na dawo gida kuma in cire takalmi in nufi gwangwanin madara. Shi ya sa Mama take kirana Uwar Zaƙi, ni kuma ban taɓa musu ba.

Girkina ba na masu hali ba ne. Burodin jiya da ya fara tauri nake yankawa da kauri, in tsoma a ƙwai da madara, in soya da bota har gefensa ya yi ja, sannan in tsiyaya masa madarar gwangwani mai kauri har ta gangaro kan faranti. Ayabar da ta yi baƙi har mai kanti yana neman kai da ita, ita nake so. In murƙushe ta da cokali mai yatsu, in haɗa da fulawa da suga da ɗan mai, in gasa a tukunya a kan wuta kaɗan, ba ruwana da wani oben na gashi. Ranar da rai ya ɓaci kuwa, taliya ce da kifin gwangwani da albasa mai yawa, in fasa ƙwai a kai in rufe. Wanda ya ci wannan ya kwanta, ko korarsa aka yi daga aiki sai gobe zai tuna.

Ina cikin soya burodin nan ne ya shigo rayuwata. Firij ɗinmu ya daina sanyi, maƙwabciya ta ba Mama lambar wani mai gyara. Ya zo ya durƙusa a bayan firij, tocila a baki, ni ina gefe ina juya burodi ko kallonsa ban yi ba. Can sai na ji ya cire tocilar ya tambayi Mama wane irin abu ne wannan mai ƙamshi haka, zai hana mutum ganin waya. Tun daga ranar muke kiransa Mai Firij. Ya gyara ya tafi, ya dawo wai duba lafiyar firij, ya sake dawowa. Firij kuwa lafiyarsa ƙalau, har ƙanƙara yake yi fiye da kima.

Ba zan ɓoye muku ba, ya shiga raina. Dogo ne siriri, rigarsa kullum a goge, farcensa fes duk da baƙin man da yake wuni a ciki. Ba ya ɗaga murya. In ina zuba surutu sai ya karkata kai yana saurare, kamar yadda yake sauraren ƙarar inji don ya gane inda matsalar take. Yana da wata ƙaramar baƙar jaka mai zif da ba ya rabuwa da ita, ko a falonmu a gefen cinyarsa take. Na taɓa tambaya, ya ce kayan aiki ne.

Ranar da ya fara zuwa wurina a matsayin mai nema, na zage na yi burodin nan da ya yaba, na jera a farantin baƙi. Ya kalla, ya haɗiye yawu, na gani da idona. Sai ya ce yanzu ya ci abinci, in ba damuwa in zuba masa a kula ya tafi da shi. Mama ta ce kunya ce, yaron kirki ba ya buɗe ciki a gidan surukai. Zuwa na biyu, a zuba a kula. Na uku, a zuba a kula. Lemon kwalba da nake ajiye masa sai ya gama zufarsa ya huce a mayar da shi, ruwa kaɗai yake sha. Muna da wata shuɗiyar kula mai hawa biyu, ta zama kamar tasa, ta fi ni sanin hanyar gidansa.

Da ya tafi, kafin in gama wanke kaskon sai saƙo ya shigo. "Ranki ya daɗe, na cinye tas. Allah ya yi wa hannun nan albarka." In yi ta murmushi ni kaɗai a kicin kamar wadda aka yi wa albishir. Sai da aka jima na lura saƙon kusan ɗaya ne kullum, ko kek na ba shi ko taliya ko soyayyen dankali. Bai taɓa cewa yau albasa ta ji ba, ko gefen nan ya ɗan ƙone. Mai cin abu da gaske ai wata rana zai yi ƙorafi.

Sai kuma kular. Jama'a, na san wankin namiji. Ya zuba ruwa ya girgiza ya kife, shi ke nan an wanke. Wannan kuwa dawowa take yi a bushe, an cire robar murfin an wanke ƙarƙashinta an mayar, tana ƙamshin wani sabulu mai lemon tsami. Tsumman da nake ɗaure ta da shi ya dawo a wanke, a goge, an naɗe shi kusurwa uku. Mutumin da ya ce min shi kaɗai yake zaune a ɗaki ɗaya, daga butar shayi sai kofi, shi ne zai goge tsumma da dutsen guga?

Abin da ya ƙarasa ɗaga min hankali, wata rana ina wurin aiki saƙonsa ya shigo: "Wai kek ɗin nan, ƙwai ake fara sawa ko fulawa? Kuma ayabar sai ta nuna sosai?" Na tambaye shi ko gasawa zai fara. Ya turo min fuskar dariya ya ce don dai ya sani ne kawai.

Na tura wa Yayata hoton saƙon. Ba ta ɓata lokaci ba ta aiko da murya, ana jin kukan ɗanta a baya. Ta ce kada in yaudari kaina, akwai mace. Ta ce ko dai wata yake kai wa girkina yana cewa na ƙanwarsa ne, ko kuma akwai wadda ya ajiye a wani wuri tana ci tana yi min dariya. Baƙar jakar nan kuma, in ji ta, waya ce ta biyu a ciki, in ba haka ba ta canza sunanta. Yayata in ta fara haɗa lissafin maza, sai ka rantse ta taɓa aiki da 'yan sanda.

Ita kuwa Mama, ta riga ta sa shi a zuciya. Kawunsa ya kira ta ya ce suna so a ba su rana su zo a gaisa, ita kuma ta ce sai ta ji daga bakina. Kullum tana cewa ba za ta matsa min ba, amma ta canza labulen falo, ta sa an yi wa ƙofa fenti, kuma duk lokacin da muka haɗa ido sai ta yi ajiyar zuciya. Ta ce yaro mai sana'a, mai ladabi, lafiyayye, ko ciwon kai ba ta taɓa jin ya ce yana yi ba, me kuma nake nema? Daga ƙarshe ta ajiye maganar a fili: in ya zo ƙarshen mako ya tafi, tana son amsa, e ko a'a, don ba za ta bar dattijo yana jira ba.

Na so in gaya mata zancen kular, amma na san me za ta ce. Za ta ce yaro mai tsafta ma ya zama laifi. Sai na yanke shawarar in nemo gaskiyar da hannuna.

A tsakiyar mako ya ce zai biyo ya gaishe mu a tsaitsaye. Na shiga kicin na murƙushe ayaba, na fasa ƙwai, na zuba fulawa. Da na zo kan suga sai na mayar da gwangwanin wurinsa, na jawo na gishiri, na cika kofi na juye. Ya gasu ya yi kyau, ya tashi, samansa ya yi ja, har ya fi na kullum kyan gani. Na gutsuri ɗan gefe na ɗanɗana, sai da na ruga wurin famfo. Raina ya sosu da asarar ayabar, amma na yanka na jera a kula, na ɗaure da tsumma. Na sa doguwar rigata mai ruwan toka da ƙaramin mayafi, na miƙa masa da hannu biyu ina murmushi.

Na zauna a bakin gado da waya a hannu. A raina ina ta addu'ar ya kira ya ce me na yi miki kike neman kashe ni. Wallahi da ya faɗi haka, da na tashi a lokacin na je na ce wa Mama na amince.

Saƙo ya shigo. "Ranki ya daɗe, na cinye tas. Na yau kam ya fi na kullum daɗi."

Na karanta na sake karantawa, hawaye na zuba ina jin haushin kaina da nake kuka. Na san ina zarginsa, amma ashe can ƙasan zuciyata ban yarda ba sai yanzu.

Washegari ina tebur, wata mata tana riƙe da kunci tana tambayata ko cirewa da zafi, sai ga wani saƙon: "Af, na manta ban faɗa miki ba, kamar gishiri ya ɗan fito a na jiya." Ya ɗan fito. Kofi guda cur, wai ya ɗan fito. Wato mai cin ta ci, ta tofar, ta kai masa ƙara, shi ne ya zo yana ɗinke ɓaraka. Ban ba shi amsa ba. Ya kira, na bar wayar tana ruri a cikin aljihun tebur.

Ranar da zai zo, tun bayan azahar na ɓoye duk wata kula da ke gidan a ƙarƙashin gadona. Na yanka burodi mai kauri, na jiƙa shi sosai, na soya da botar da ta fi ta kullum yawa. Na yayyanka ayaba a kai, na narka cakulan a ƙaramin kofi na zuba, na bi da madarar gwangwani har sai da burodin ya ɓuya. Mama ta leƙo ta ce wannan ai ko a biki sai haka. Na yi wanka na sa riga ja mai dogon hannu, wadda ya taɓa cewa ta yi min kyau, na zizara kwalli. In rabuwa za mu yi, gara ya tafi da hotona mai kyau a ido.

Ya iso bayan la'asar cikin farar riga, shuɗiyar kular a hannu ɗaya, baƙar jakar a ɗaya. Ya durƙusa ya gaida Mama, ta amsa tana washe baki, ta shige ciki ta bar mu. Na karɓi kular na kai ɗaki, na dawo da tire na dire a gabansa. Faranti, cokali mai yatsu, ruwa. Na zauna a kujerar da ke fuskantarsa na harɗe hannu.

Ya kalli farantin, ya kalle ni. Ya fara cewa ai yanzu ya tashi daga kan abinci.

"Babu kula yau," na ce. "A nan za ka ci."

"Kina fushi da ni ne?"

"Ka ci tukuna."

"In na ƙi fa?"

"In ka ƙi, zan shiga in ce wa Mama ta ba Kawunka haƙuri."

Na zata zai kawo wata dabarar, na ma shirya amsa. Sai kawai ya yi bisimilla ya ɗauki cokali. Lomar farko ya rufe ido, ya tauna a hankali, ya jima bai haɗiye ba. Ban taɓa ganin mutum ya ci girkina haka ba. Bai ɗago ba, ya bi farantin nan gefe zuwa gefe, har madarar da ta taru a ƙasa sai da ya kwashe da guntun burodi na ƙarshe. Ni kuwa ina zaune na rasa abin da ke min daɗi, don na shirya wa faɗa ne, ban shirya wa wannan ba.

Ya ajiye cokali ya ce a hankali, "Ashe haka yake."

"Wato yau ka fara ɗanɗanawa."

"Yau na fara."

"To wace ce?"

Ya jawo baƙar jakar ya ɗora a gwiwa. Na ce a raina, yauwa, ga wayar nan za ta fito, har na gyara zama don in ga fuskar mai goge tsumma. Ya zuge zif ɗin. Ya fito da wata 'yar na'ura mai allo da ba ta kai tafin hannu ba, ya zura mata wani siririn tsinke fari. Ya huda gefen yatsansa, ya matso ɗigon jini ya taɓa a bakin tsinken. Sannan ya fito da allura mai kama da biro.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba.

Masu karatu, akwai abin da ban taɓa ba ku labari ba, don ba na son taɓa shi. Ciwon suga ne ya kashe Baba. A cikin waɗannan kayan na girma. Allurarsa a ƙofar firij take zama, kusa da ƙwai. Na ga ƙaramin ciwo a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa, na ga an kai shi asibiti da ƙafa biyu an dawo da shi da ɗaya. Na ga idonsa ya dushe har sai da murya yake gane mu. Mama ce ta yi ta ɗagawa da kwantarwa, wanki da goge-goge, har bayanta ya ranƙwafa tun ba ta tsufa ba. A shekarun jinyar nan ko ƙwayar suga ba ta shiga gidanmu, don kada ya gani ya yi sha'awa. Bayan ya rasu ne na buɗe gwangwanin madara na farko na shanye a tsaye ina kuka, kuma tun daga ranar ban daina ba.

Ni da na san ciwon nan kamar tafin hannuna, mutum yana ture lemo a gabana, yana shan ruwa kaɗai, yana yawo da jaka ba ya rabuwa da ita, amma hankalina bai je ko'ina ba sai wurin mace. Kuma ni ce na zauna na harɗe hannu na tilasta masa ya cinye faranti guda na madara da cakulan.

Ya juya baya kaɗan, ya ɗaga gefen riga ya yi allurar. Ya ce in kwantar da hankali, kamata ya yi ya yi ta kafin ya ci, amma zai kula da kansa, ya saba. Ni dai na rasa ko haƙuri zan ba shi ko rufe shi da faɗa zan yi.

Faɗan ne ya fara fitowa, ƙasa-ƙasa don kada Mama ta ji. Na tambaye shi wa ke cin abincina. Ya ce abokin aikinsa ne da suke shago ɗaya, shi yake tafiya da kular gida, shi da matarsa su ci. Matar ce mai wankewa da gogewa, ita ce ta nace a tambayo mata yadda ake kek ɗin. Washegarin ranar gishiri kuwa, da safe abokin ya shigo shago yana tambayarsa ko ya yi faɗa da amaryarsa ne, wato ni. Wani lokacin, in ji shi, kafin ya miƙa kular yakan buɗe murfin a mota ya shaƙi ƙamshin, ya rufe.

Ban yi dariya ba. Na ce duk wannan ya fi masa sauƙi a kan ya buɗe baki ya faɗi gaskiya?

Ya mayar da allurar cikin jaka, ya ce in tuna ranar da ya fara zuwa gyara. Ina can ina juya burodi hankalina na kan kasko, Mama tana tsaye a kansa tana ba shi labari. Ta ce ya lallaɓa firij ɗin nan don saboda maganin mai gidanta aka saye shi. Ta ba shi labarin jinyar tun daga farko har ƙarshe. Sannan ta ce abu ɗaya ta roƙi Allah, ta kuma yi wa kanta alkawari: 'yarta ba za ta auri mai wannan ciwon ba, ko shi kaɗai ya rage a duniya.

"A lokacin jakar nan tana gefen ƙafata," ya ce. "Kuma na riga na ɗago na gan ki."

Na koma na zauna. Haushinsa bai tafi ba, don ƙarya ƙarya ce, kuma kullum da yamma yana turo min ita da addu'a a ƙarshe. Amma wani abin ya danne haushin. Na kalli yatsunsa, gefensu duk ɗige-ɗigen huda da ban taɓa lura da su ba, ni da nake yabon farcensa. A nan na gane ina sonsa fiye da yadda na zata, kuma na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun a gaban gadon Baba.

Ya ce ba zai ce in ɓoye wa Mama ba, ba zai kuma ce in faɗa ba. Ya ce tun yana ɗan makaranta yake da shi, yana ganin likita, yana kiyayewa, bai taɓa kwanciya saboda shi ba. Amma ya san wannan ba zai shiga kunnen matar da ta ga abin da ta gani ba. In na ce a'a, zai tafi, ba zai riƙe ni a zuciya ba.

"Da ka bari na ci gaba da zargin mace ce," na ce. "Da ya fi min sauƙi."

"Na sani."

Daga ciki na ji Mama ta yi tari, irin tarin nan da ba na mura ba. Ya tattara kayansa da sauri ya zuge jakar. Na goge idona da hannun riga, kwallin duk ya ɓata min shi. Na ɗauki tiren. Ya tambaye ni da ido, amma ni ma ban san abin da zan faɗa ba sai da na tsinci kaina a ƙofar kicin.

Mama tana tsaye tana wanke tukunyar da na tabbata a wanke take. Wayarta na kan murfin bokiti, a kusa da hannu, don kiran Kawunsa. Ta juyo ta kalli fuskata, ta kalli idona da ya yi ja.

"To, Uwar Zaƙi?"

Na buɗe baki da niyyar in fara daga farko, in ce ta zauna akwai magana. Sai na ga yadda ta riƙe soso tana jira, na ga bayan nan nata da ya ranƙwafa. Abin da ya fito daga bakina daban.

"Na amince, Mama."

Ta saki soson cikin ruwa. Ta yi hamdala, ta sake yi, idonta ya ciko. Ta ce yau za ta yi barci da ido biyu rufe, ta ce da Babanku na nan da ya fi kowa murna. Ta kama kaina da jiƙaƙƙen hannunta tana sa min albarka, ni kuwa ina tsaye da tire, kowace albarka tana sauka a kaina da nauyi. Sai ta lura da farantin. Ta yi dariya ta ce lallai kunya ta ƙare, yau suruki ya buɗe ciki. Ta ce in kawo, yau ita za ta wanke min, in koma wurin baƙona.

Ta karɓi tiren ta ɗaga farantin.

A ƙarƙashinsa, manne da ɗigon madara, ga siririn farin tsinken nan, bakinsa da jan jini.

Dariyar ta tsaya a fuskarta. Ta ajiye farantin a hankali, ta sa yatsu biyu ta ɗauko shi. Mama ba ta iya karanta saƙon waya sai da gilashi, amma wannan ba ta nemi gilashi ba. Shekaru ta yi tana share irinsa daga ƙarƙashin gado.

"Na gidan nan da hannuna na zubar da su," ta ce, muryarta ƙasa. "Wannan jinin bai bushe ba."

"Mama, ki tsaya in..."

"Kin sani kika ce min kin amince?"

Na kasa ɗaga kai. Ba ta sake tambayata ba. Ta goge ɗaya hannun a zaninta, ta jawo mayafi daga bayan ƙofa ta yafa, ta raɓa ta gefena da abin a tafin hannunta, ta nufi falo inda Mai Firij yake zaune yana jiran in dawo.